Talata: Taron Bindiga Kafin Shiga Aji

Zafin Texas na ƙarshen Agusta ya tashe ni tun kafin asuba. Da na idar da sallah na sha shayi, na kama hanyar makaranta, don yau aka tara mu masu karatun digiri na uku da za mu taya malamai koyarwa a wannan zangon. Na zaci maganar ba da maki da satar amsa za a yi. An yi su, sama-sama. Abin da ya ci lokaci shi ne bindiga.

Matar da ta jagoranci taron ta karanto mana dokar ba tare da ko ɗaga murya ba. Ɗalibin da ke da lasisi yana da damar shigowa ajinka da ƙaramar bindiga, muddin a ɓoye take. Ba ka da hurumin hana shi, kuma kada ka tambayi kowa ko yana ɗauke da ita. In ka gan ta a fili, to nan ne za ka kira 'yan sandan jami'a. Wata 'yar Indiya da ke kusa da ni ta tambaya ko za ta iya rubuta roƙo a takardar tsarin darasinta cewa a bar makami a gida. Aka ce roƙo daban, umarni daban, ta dai yi hattara da kalmominta.

Dokar ba ta jami'ar ba ce, ta jiha ce. Gwamna Greg Abbott ya sa mata hannu a 2015, ta fara aiki a jami'o'in gwamnati ranar 1 ga Agusta 2016. Ranar ita ce ta cika shekara 50 cif da hawan Charles Whitman hasumiyar Jami'ar Texas da ke Austin yana harbin mutane. An bar wa jami'o'i masu zaman kansu zaɓi, kuma kusan dukkansu, irin su Rice da Baylor, suka ce ba sa so. Wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani: waɗanda aka ba dama su zaɓa sun ƙi.

Da azahar muka ci abinci da wani abokin karatuna, tsohon soja, mutum mai sanyin hali. Ban taɓa tambayarsa ko yana ɗauka ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba, amma na san ra'ayinsa. Ya ce in tuna Virginia Tech a 2007, inda mutum ɗaya ya kashe 32 a makarantar da ta haramta makami. Wanda ya yi niyyar kisa, in ji shi, allon da ke bakin ƙofa ba ya mayar da shi, mai bin doka kaɗai allon ke kwance wa ɗamara. Ya lissafa mini abin da ake bi kafin a samu lasisi: hoton yatsu, binciken tarihin laifi, darasi na awa 4 zuwa 6, da gwajin harbi. Ya kawo misalin macen da ke barin ɗakin bincike ƙarfe 11 na dare ta taka ita kaɗai zuwa inda ta ajiye mota. Wannan kam ban da amsarsa, kuma ban yi kamar ina da ita ba.

Na ce masa William McRaven, wanda ya jagoranci farmakin da aka kashe Bin Laden, shi ke shugabantar rukunin jami'o'in Texas lokacin da ake muhawarar, kuma ya fito fili ya ƙi dokar. Ya yi dariya ya ce babban hafsa ba ya takawa wurin ajiye mota shi kaɗai. Har 1966 muka koma. Ya ce a ranar fararen hula sun ɗauko bindigogin farauta suka riƙa mayar wa Whitman wuta daga ƙasa. Gaskiya ne. Na ce harsasan nan kuma sama suke zuwa, inda 'yan sandan da suka hau kama shi suke.

Inda muka rabu shi ne nan. Shi hankalinsa yana kan rana guda, ranar da maharbi zai shigo. Ni kuwa sauran ranakun nake kallo, don bindigar tana nan a jikin mai ita ranar da ba abin da ya faru sai sakamakon jarabawa. Aikina ne in zaunar da yaro in gaya masa ya faɗi, ko an kama shi da kwafar aikin wani, alhali tallafin karatunsa a kan wannan makin ya rataya. Ban ce zai harbe ni ba. Shekarun nan ba su kawo zubar da jinin da wasu suka yi hasashe a azuzuwa ba, dole in faɗi haka. Amma rashin sanin abin da ke cikin jakarsa yana iya sa ni tausasa abin da bai kamata a tausasa ba. A 2016 majalisar malaman Jami'ar Houston ta nuna wa malamai shawarwari: su yi taka-tsantsan da batutuwa masu zafi, su ajiye wasu ma gaba ɗaya. Malamai mata uku na Austin sun kai ƙara a kan wannan fargabar, kotun ɗaukaka ƙara ta kore ta a 2018, ta ce ba su nuna cutarwar da ta tabbata ba. Ta yaya malami zai kai wa alƙali shaidar maganar da ya haɗiye?

Akwai kuma abin da ba a ambata a taron ba. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kansu suka kashe. Duk wanda ya ga idon ɗalibai a makon jarabawa ya san me nake nufi.

Bayan isha'i na kira Yaya a Gusau. Na ba shi labari ina jiran ya kama baki, sai ya ce, "Kai, ƙanena, ku gwamnati ta ba ku izini kuna ƙorafi?" Ya tuna mini ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a 2023, da sanarwar gwamnatin Matawalle a 2022 cewa mutane su nemi lasisin bindiga. Na ce Yaya, a can tsaron ne ya gaza, a nan kuwa makarantar da 'yan sandanta. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ja ba, na tambayi lafiyar Inna, ya miƙa mata wayar, ita kuma damuwarta ko ina samun tuwo.

Ofishinmu na mutum huɗu ne. Na tura wa sauran ukun saƙo cewa duk mai ganawa da ɗalibi kan maki ya sanar, ɗayanmu ya zauna a ciki. Biyu sun amsa. Gobe ƙarfe 9 ajina na farko, kuma ban gama haɗa darasin ba.