Abin da littafin hamada ya koya mini kafin in bar ƙungiya

Ranar Juma'a na fita daga zauren marubutanmu bayan shekara huɗu. Waɗanda muka zauna tare sun san littafin da ya jawo haka, ba sai na kama suna ba.

Tushen labarin abin da ya faru ne a watan Oktoba na 2013, lokacin da motoci biyu suka lalace a hamada tsakanin garin Arlit na ƙasar Nijar da iyakar Aljeriya. Gawa 92 aka tsinta, 52 yara ne, 33 mata, da yawansu mutanen Kance ne ta jihar Damagaram. Na kwana biyu abin bai bar raina ba. Sai na ƙirƙiro mutum tara da jarka ɗaya, cikinsu har da kishiyoyi biyu, dole ɗaya ta amince ɗaya ta riƙe murfin jarkar.

A rubutuna na farko, daga kwana na uku babu mai magana. Uwargida tana jiƙa bakin mayafi tana matsa wa ɗan amarya a leɓe, amarya tana ƙirga ɗigon da ido. Shi ke nan babin. Anti, babbarmu a zauren, ta karanta ta ce, "Ƙanwata, wa zai biya kuɗin karatu don mutane suna kallon juna? Sa su yi cacar baki a kan miji." Na san ba daidai ba ne, amma na yi, domin ita ke raba wa marubuta lokacin sakin shafi ga masu karatu, kuma ina tsoron a tura ni bayan layi. Shafi shida na gori da habaici na zuba a bakin matan da harshensu ya kamata ya bushe.

Washegari wata dattijuwa daga Damagaram ta turo mini saƙon murya, jikarta ce ke karanta mata. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗiyata, ba ki taɓa jin ƙishirwa ba. Mai ƙishirwa ko sunan ɗansa da ƙyar yake kira." Ta bi hanyar da kanta. Na zauna a bakin gado na kasa haɗiye yawu.

Abin da ya fi ci mini rai, da masu karatu suka fara ƙorafi, Anti ta rubuta a zaure cewa yaran yanzu ba sa bincike. Ban tanka ba, amma ban manta ba.

Sauran darussan ƙanana ne. Gyaran da aka ba ki da baki, ki nemi a rubuto shi. Kada ki saki shafi da dare kina jin barci. Kafin ki rubuta hanya, nemi wanda ya bi ta.

Na dawo da babin shirun yadda yake, ɗigo da ɗigo. Dattijuwar na fara tura wa, jikarta ta ce sau biyu ta sa a maimaita mata wurin mayafin.