Kukan akuyar da ya hana ni barci

Akuyar nan kwana uku tana kuka, har yau in na tuna sai inji wani abu ya tokare min ƙirji. Ɗa ɗaya ta haifa, fari tas da ɗan baƙi a goshi, bai cika kwana biyu ba ya mutu cikin dare. Da asuba na fito na tarar dashi a sandare, ita kuma tana kwance ta juya baya tana tuƙa, sai nayi wuf na ɗauke shi na fita dashi, a tunanina tausayinta nake ji, kar ta gani hankalinta ya tashi. Wallahi gari bai gama wayewa ba ta fara. Ta zagaya turken, ta sunsuna inda ya kwanta, ta ɗaga kai ta ƙwalla kira, ta saurara, ta sake ƙwallawa, hantsarta ta cika tam har nono na ɗiga a ƙasa, muryarta tun tana fita har ta dishe. A rana ta biyu Umma ta tsaya tana kallonta ta daɗe, sannan tace min "ɗan nan, ai da ka bar mata shi ta gani. Yanzu nemansa take, ita a wurinta ɓata yayi."

Maganar nan ta zauna min, tun daga lokacin duk inda naga an yi zancen dabbobi da mutuwa sai na tsaya na karanta. Abun da na fara fahimta shine ba abu ɗaya bane, mu ne muke haɗa komai mu kira shi makoki. Tururuwa misali, in ɗaya ta mutu a cikin gida sauran basa kula ta sai bayan kamar kwana biyu, sannan su ɗauke ta su kai juji. A 1958 masanin ƙwari ɗan Amurka E. O. Wilson da abokan aikinsa suka gano cewa wani sinadari ne da gawar ke fitarwa, olik asid. Da aka shafa shi a jikin tururuwa mai rai sai 'yan uwanta suka sungume ta tana wutsil-wutsil suka kai ta jujin, ta goge jikinta ta dawo, in warin bai fita ba a sake maida ta. Toh kaga wannan hanci ne da tsafta, babu ruwan zuciya a ciki.

Hankaka kuma nasa daban ne. Kowa ya san ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu a Suratul Ma'ida, inda hankaka ne ya zo yana tono a ƙasa ya nuna wa ɗan Adam yanda zai binne ɗan uwansa. Har gobe in hankaka ya mutu sai kaga 'yan uwansa sun taru a kan bishiya suna ihu. Kaeli Swift da John Marzluff na Jami'ar Washington sun gwada su a birnin Siyatil, aka buga sakamakon a 2015: mutum ya sa abun rufe fuska ya tsaya riƙe da mataccen hankaka a inda suka saba cin abinci, nan take su yanyame shi da ihu, kuma har sati shida in suka sake ganin fuskar nan sai sun yi mata ca ko da hannu rabbana mutum ya zo. In mushen tantabara ne basa damuwa haka. Wato dai darasi suke ɗauka, waye ya kashe, a ina, kar in zama na gaba.

Amma akwai inda bayanin wari da na tsoro ya ƙare, kuma nan ne jikina yake yin sanyi. A watan Oktoba na 2003 a gandun dajin Samburu na ƙasar Kenya wata tsohuwar giwa mai jan garke, masu bincike suna kiranta Eleanor, ta yanke jiki ta faɗi. Wata giwar da suke kira Grace, wacce ma ba garkensu ɗaya ba, ta taho da sauri ta sa haurenta ta ɗaga ta har ta tsaya da ƙafarta, ta sake faɗuwa, Grace ta cigaba da turawa tana kuka, garken Grace suka wuce ita ta tsaya. Washegari Eleanor ta mutu, cikin satin da ya biyo baya giwaye daga dangi biyar suka zo wurin gawar, suna taɓa ta da hanci da ƙafa. Me Grace zata samu a nan? Ba abinci, ba kariya, ba jininta ba. A gandun dajin Amboseli na Kenya kuma mai bincike Karen McComb ta ajiye wa giwaye ƙoƙon kan giwa da na ɓauna da na karkanda, suka fi daɗewa a kan na giwar suna shafawa, hauren giwa kuwa yafi komai jan hankalinsu. Sai dai da aka ajiye musu ƙoƙon kan uwar garkensu tare da na wasu giwayen basu ware nata ba, kuma ni wannan gaskiyar tana burge ni, don tana hana mutum ya ƙara wa labarin gishiri.

Na birai ma haka. Mai binciken birai Jane Goodall ta bada labarin Flint a dajin Gombe na Tanzaniya, cimfanzi ɗan shekara takwas da 'yan watanni wanda ya shaƙu da uwarsa Flo fiye da ƙima. Da ta mutu a 1972 sai ya daina cin abinci, ya ware kansa, yana komawa bakin rafin da ta mutu, bai cika wata ɗaya ba shima ya bi ta. A Bossou ta ƙasar Gini kuma, bayan wata annobar ciwon numfashi a 2003, cimfanzi iyaye mata biyu suka riƙa yawo da gawar 'ya'yansu har ta bushe ƙayau, ɗaya kwana 19 ɗaya kwana 68, suna kore mata ƙuda suna gyara mata gashi.

Wanda yafi tsaya min a rai dai shine na Tahlequah. Oka ce, dabbar teku dangin dolfin, ba kifi bace don haihuwa take tana shayarwa kuma dole sai ta leƙo sama ta shaƙi iska. A 2018 a tekun da ke tsakanin jihar Washington da Kanada ta haihu, jaririyar bata daɗe ba ta mutu, uwar ta ɗora ta a goshi tana turawa kwana 17, tafiyar kusan kilomita 1,600, duk sanda gawar ta zame ta nutse sai ta ja numfashi ta bi ta ƙasa ta sake ɗauko ta, ka duba fa, cikin ruwa babu hannu babu goyo babu inda zaka ajiye ka huta. A farkon 2025 aka sake ganinta ɗauke da gawar wata 'yar.

Wasu zasu ce uwar bata gane ya mutu bane, jikinta ne kawai yake umartarta ta riƙe, don wanda ya suma yana iya farfaɗowa, uwar da ta yi saurin yarwa ita ce da asara. Akwai gaskiya a ciki, na yarda. Amma an lura birai suna riƙon gawa yanda basa taɓa riƙon ɗa mai rai, su ja ta da ƙafa ko su rataya a wuya, kaga sun san wani abu ya canza kuma duk da haka sun ƙi saki. Ni a ganina dabba ba sai ta san cewa kowa zai mutu har da ita ba kafin rashi ya yi mata ciwo. Abun da take ganewa shine wannan da nake lasa baya motsi, na kira bai amsa ba, na tura bai tashi ba, kuma ganewar nan tana son lokaci, tana son ido da hanci su shaida. Abun da na hana akuyata kenan.

Bayan shekara biyu abun ya sake faruwa, wannan karon tagwaye ta haifa ɗaya ya zo babu rai. Hannuna har ya kai sai na tuna maganar Umma na janye, na samu wuri na zauna. Ta lashe shi tun daga kai har bindi, ta sa hanci ta tura shi, ta ɗan buga shi da kofato, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa irin wanda suke wa ɗa sabon haihuwa. Ta koma kan mai ran ta shayar dashi, ta dawo ta sake turawa, haka tayi ta kai da komo har rana ta ɗaga sosai. Can sai ta sunsune shi ta daɗe, ta juya ta kwanta ta bashi baya, ɗayan ya lafe a cikinta. Sai a lokacin na tashi na ɗauka, ta bi ni da ido har na fita, tayi kira sau biyu tayi shiru.