Gilashin kyamarar da nake zuwa biki da shi

Ni dai wallahi in za ni biki a Katsina gilashin kyamarata 50mm f/1.8 ba ya barin jaka, ga arha ga shan haske. Ranar wani kamu a Ƙofar Ƙaura aka ɗauke wuta ana gab da magariba, ɗakin amarya duhu, shi ya fitar da ni kunya, har zanen lallen hannunta ya fito raɗau.

Amma wurin ɗaurin aure cunkoso ne, manyan riguna ko'ina ba wurin ja da baya, nan gilashin 24-70mm mai ɗaukar wuri da faɗi nake ɗaurawa.

Wata gwaggo ta ce min, ɗan nan kar ka matso mata kunya take ji. Sai na koma bakin ƙofa da gilashin 85mm mai jawo abu daga nesa, amarya ta saki jiki ta yi murmushi.