Kulocin Honda Z50A da CT70: a fara da noti kafin a kwance inji

Waɗannan ƙananan baburan Honda, Z50A mai 49cc da ya shiga kasuwar Amurka a 1968 da CT70 mai 72cc da ya biyo baya a 1969, yawancinsu giya uku gare su, kuma ba su da hannun kuloci. Kulocin yana kan kiranshaf ta ɓangaren dama, a cikin baƙin mai. Idan inji ya ƙara juyi, ƙarfin juyawa ke tura nauyin da ke ciki ya matse faifan kulocin. Idan aka taka giya kuma, sandar giyar ce da kanta ke sakin su na ɗan lokaci. Duk makanikin da ya saba da babur ɗin Honda Super Cub ya san wannan injin, dangi ɗaya ne.

Galibin abin da ake kira "kuloci ya mutu" saiti ne kawai ya goce. A murfin inji na dama akwai noti da kusa a tsakiyarsa. A kashe inji, a sassauta notin, a juya kusar dama zagaye ɗaya, kada a wuce. Sai a dawo da ita hagu sannu a hankali har a ji ta ɗan cije. Daga nan a mayar da ita dama kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a riƙe ta da sukudireba, a ɗaure notin. Wurin riƙewar nan ake yin kuskure: kusar takan bi notin ta juya, aikin ya koma baya.

Kusar da ta matse da yawa tana barin faifan a ɗan buɗe, sai inji ya yi ta kuka babur ba ya ja, kik ma ya riƙa zamewa. Wadda ta yi sako-sako kuwa giya ce za ta yi tauri, ta shiga da fizga.

In babur yana rarrafe gaba alhali ba a murɗa totur ba, a duba silo, wato juyin inji a tsaye, tukuna, bai kamata ya yi nisa da juyi 1,500 a minti ba.

Sai mai. Baƙin man mota na zamani yana da sinadarin rage gogayya da ke sa faifai santsi. A zuba na babur, 10W-40 mai alamar JASO MA, bai kai lita ɗaya ba. Babur ɗin da ya shekara a ajiye kuma faifansa kan manne da juna; wani lokaci ɗumama inji da sabon mai kaɗai ke raba su.

Idan duk wannan bai yi ba, to a buɗe. Kusoshin murfin ƙirar Japan ne da ake kira JIS, sukudireba Phillips cinye musu kai yake yi. Notin tsakiya yana buƙatar soket mai haƙora huɗu, kuma akwai wosha mai kunne da za a miƙe kafin nan. Masu bugunsa da kurfi da guduma ɓata shi suke yi. Cikin kwanon kulocin nan ne matatar mai, za a tarar da baƙin laka ya daskare, a kwashe shi tas. Sababbin faifai a jiƙa su cikin mai kafin a ɗora, a canja sifirin tare da su, a sa sabon gasket, sannan a sake saitin daga farko.