Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: "Yaro Bai San Komai Ba"

Makon jiya na tsaya a inda aka sa ni makaranta, na kuma ce yau daga nan zan ɗora. Ku yi mini afuwa, makarantar za ta jira. Akwai wata magana ta Goggo da ta hana ni sakat, in ban amayar da ita ba, duk abin da zan rubuta a gaba a karkace zai fito.

Goggo ba ta taɓa zuwa gidanmu sulhu ta tashi ba ta faɗe ta ba. Za ta zauna, ta dubi kumburarren idon Inna, ta ce, "Haƙuri za ki yi. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne." In Inna ta ce, "Yaya, ni ba ta kaina nake ba, yaran nan nake ji," sai Goggo ta kaɗa hannu ta ce, "Yaro bai san komai ba. Gobe war haka sun manta, suna can suna wasansu." Muna tsaye a bakin ƙofa take faɗin haka, ni da ƙanena mai bi na.

To ni dai na sani. Tun ban iya karanta harafi ko ɗaya ba na iya karanta shigowar Baba. Daga yadda ya turo ƙofa, da yadda ya cire takalmi, ajiyewa ya yi ko wurgarwa, na san ko za a kwana lafiya. In wurgarwa ce, nan take cikina zai ƙulle, yawun bakina ya ƙafe, in ja hannun ƙanena mu shige bayan ƙyaure. Shi kuma sai ya cusa yatsu a kunne yana gunji ƙasa-ƙasa, yana jijjiga gaba da baya, har a gama. Baba bai taɓa ɗaga hannu ya dake mu ba, wannan gaskiyarsa ce, na ba shi. Da ita ma danginsa suke kare shi har gobe, wai ai bai taɓa 'ya'yansa. Inna kuma, Allah ya jiƙanta, tana da baki, ba ta barin ta kwana. Amma baki daban, hannu daban.

Ƙanen nan nawa ya daɗe da daina fitsarin kwance, har Inna tana yabonsa a gaban baƙi. Daga daren da haƙorin Inna na gaba ya fita, fitsarin ya dawo, bai sake ɗaukewa ba sai da ya kusa gama firamare. Ni ce mai fitar da shimfiɗarsa da asuba in shanya a inda ba za a gani ba. Sai ciwon ciki ya biyo baya, kullum da yamma, daidai lokacin dawowar Baba. An ba shi maganin tsutsar ciki har ya gaji da sha. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, magana ta fara sarƙe masa, sai ya yi ta in'ina kafin ya kira sunana. Goggo ta ce sangarta ce, Inna ce ta lalata shi. Ita ce dai mai cewa bai san komai ba.

Sai da na shiga aikin jinya, aka tura ni ɗakin yara, sannan na samu sunan abin da na gani a jikinsa. In mutum ya tsorata, wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda suna sakin sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, hanji ya rage aiki, barci ya gudu, duk don mutum ya tsere wa haɗari. An yi abin ne don ya tashi ya kwanta. Yaro kuwa ba ya iya kwantar da shi da kansa, sai babba ya ɗauke shi ya rungume shi, jikin ya gane cewa haɗarin ya wuce. To a gida irin namu wa zai ɗauke shi? Ɗaya shi ne abin tsoron, ɗayar kuma tana durƙushe tana kare kanta. Haka sinadaran za su yi ta hawa dare bayan dare, a shekarun da ake gina ƙwaƙwalwa, don kafin yaro ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Garkuwar jiki ma tana raunana, ci ya ragu, girma ya tsaya. Yaron da ya daina fitsarin kwance na watanni sannan ya koma, bayan an duba fitsarinsa an duba sukari, tambaya ta gaba ita ce me ya sauya a gida. Mu ba wanda ya yi mana wannan tambayar.

Na tsallake haihuwar Auta, ga shi kuwa ita ce ta fi ci mini rai. Cikinta bai isa haihuwa ba aka yi wani faɗa, Inna ta bugu da gefen gado, washegari naƙuda ta taso. Bakwaini aka haife ta, kuka ma ba ta iya yi da ƙarfi. Bayan ta yi 'yan watanni, ko kwano ne ya faɗi sai ta sandare, ta ware hannuwa, ta ƙi kama nono. Nonon ma bai wadata ba, don uwar da ke cikin firgici ruwan nono ba ya sauko mata yadda ya kamata. Daga baya na karanta a bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya cewa haɗarin haihuwa kafin lokaci ya fi yawa da kashi 41 cikin 100 ga matan da mazansu ke cin zarafinsu. Auta ba ta tuna ko dare ɗaya daga cikin waɗancan darare, a nan kam Goggo ta yi gaskiya. Amma ita ce ta fi mu duka yawan kwanciya asibiti.

Mantuwar ma da ake taƙama da ita, an bi diddiginta. A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha a ƙuruciya, kuma cikin tambayoyin har da ko an riƙa dukan mahaifiyarsu. Da suka haɗa amsoshin da lafiyar mutanen, sai suka ga gwargwadon yawan wahalar, gwargwadon yawan ciwon zuciya, ciwon hanta, ciwon huhu da ciwon damuwa bayan an girma. A 2017 kuma hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ta ce yaro 1 cikin 4 na 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya, wato miliyan 176, yana zaune ne da uwar da abokin zamanta ke cin zarafinta. Miliyan 176, Goggo, duk ba su san komai ba. Ƙanena yau magidanci ne mai furfura, amma ko gardamar ƙwallo aka ɗaga murya a kai, tashi yake ya bar wurin.

Ba yabon kai ba, a wurin aiki na yi suna da gane irin waɗannan yara. Za a kawo yaro da ciwon ciki ko ciwon kai, a yi gwaji a ga ba komai. Ni ba takarda nake kallo ba. Yaron nake kallo, ko idonsa na kan fuskar ubansa ko na kan hannunsa. In na ga haka sai in aiki uban karɓo magani, in ja kujera kusa da uwar in ce, "Baiwar Allah, lafiya kuwa kuke a gida?" Wata za ta ce lafiya lau ta gyara mayafi. Wata kuma kafin ta buɗe baki hawaye ya riga ta. Abin da nake gaya musu shi ne yaro yana warkewa in tsoron ya tsaya, kuma ya samu babba ko ɗaya da yake jin aminci a wurinsa. Mu Kawu muka samu.

Da Goggo ta tsufa ta kwanta ciwo, ni na yi jinyarta, ni nake juya ta ina goge mata baya. Wata rana ta ce, "Ke kam tun kina ƙarama kin cika tsoro, ko sallama aka yi sai kin zabura." Na ce, "Goggo, kin san dalili." Ta ce a miƙo mata ruwa. 'Ya'yanta suna karanta wannan rubutun, na sani, kuma ɗaya ta riga ta aiko mini cewa ina tona asirin gida. Ta tanadi haƙuri, don mako mai zuwa zan faɗi ranar da Kawu ya zo ya tafi da Inna da mu, da abin da Goggo ta tsaya a ƙofa ta gaya masa.