Kafin ka zargi makirufo, zare cajar kwamfuta

Ƙannena masu haɗa kiɗa da ɗaukar murya a ɗaki, yawancin gurnanin da kuke ji a lasifika daga wuta yake zuwa. Ni sai da na sayar da makirufo mai lafiya a banza, na ƙara kuɗi na sayi wani, gurnanin nan bai gusa ba. Ashe cajar kwamfuta ce mai arha da na saya a kasuwa bayan ta asali ta ƙone.

Ga yadda abin yake. Waƙar da ke cikin kwamfuta lambobi ce. A ma'aunin CD, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Ƙazantar wuta ba ta taɓa waɗannan lambobi, don haka duk wanda ya ce maka waya mai tsada za ta "gyara" fayil ɗinka, kuɗinka yake so. Ɓarnar tana shiga ne a wuri biyu: inda ake ƙara wa siginar makirufo ƙarfi kafin ta zama lambobi, da inda ake mayar da lambobin sauti kafin su kai lasifika. Na biyun da sauƙi, fayil na nan lafiya. Na farkon shi ne mugu, domin ƙarar ta riga ta shiga cikin muryar mawaƙi, kuma duk manhajar da ka sa ta cire ta sai ta ci wani abu daga muryar.

Gwajin kyauta ne. Zare caja, ka bar kwamfuta a kan batir. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawo. Ka kuma saurari irinta. Gurnani mai kauri wanda ba ya canzawa na wutar gida ne, wadda a Najeriya da Nijar take juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma sau da yawa yana fitowa ne idan kwamfuta na wani soket, lasifika na wani. Haɗa su a wuri ɗaya. Tsuwwa siririya mai motsi idan ka ja linzamin kwamfuta (mouse) ko ka buɗe manhaja, wannan daga cikin kwamfutar take, tana bin wayar USB mai ɗauke da volt 5 zuwa na'urar sautinka.

Na kuma ɓata kuɗi a kan inbata mai arha. Fitila da fanka ba su damu ba, amma lasifika ta yi ta zuza kamar gidan rina. Nemi inbatar da aka rubuta wa "pure sine wave", wato mai ba da wuta mai tsabta, ka yi amfani da wayoyin XLR, masu tsinke uku irin na makirufo, tsakanin kayanka.

Wani zai ba ka shawarar karya ƙafa ta uku ta filogi. Ƙarar kan ɗauke, gaskiya ne, amma ƙafar nan ita ke kai wuta ƙasa idan na'ura ta samu matsala. In babu ita, ta jikin mai riƙe da makirufo wutar za ta bi.