Da keken batir a kan jajayen duwatsun Mowab

Daga Salt Lake City zuwa Mowab tafiyar kusan awa huɗu ce a mota. Bayan sallar asuba muka kama hanya ni da yayana, wanda ya daɗe yana aiki a jihar Yuta ta Amurka. Muka wuce Price da Green River, muka karkata kudu a kan hanya mai lamba 191, can sai ƙasa ta koma ja wur. Muna tsallake gadar kogin Kolorado muka shiga gari. Mowab ƙaramin gari ne, mutanensa dubu biyar da ɗoriya. Haƙar yuraniyom ce ta raya shi a shekarun 1950, yau kuwa da masu keke da masu ziyartar gandun shaƙatawa na Arches yake cin abinci.

Yaya ya haura sittin, kuma ciwon gwiwa ya raba shi da keke tun da daɗewa. Saboda shi muka hayi kekuna masu batir, irin na rukuni na ɗaya. Ba su da totur. Sai ka taka feda injin zai ƙara maka ƙarfi, da ka kai gudun mil 20 a awa, wato kusan kilomita 32, sai ya janye hannunsa. Na rukuni na biyu ne ke da totur, na uku kuma yana taimako har mil 28.

Mai shagon ya shimfiɗa mana taswira yana nuna inda aka yarda da inda aka hana. A lokacin da muka je, yawancin siraran hanyoyin keke da ke hannun BLM, hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya, a rufe suke ga keken batir, sai inda aka bar babur ya shiga. A watan Agustan 2019 sakataren cikin gida David Bernhardt ya sa hannu a umarni mai lamba 3376 don a sassauta, a 2020 kuma BLM ta fitar da ƙa'idar da ta bar wa jami'an kowane yanki ikon buɗe hanya bayan nazari. Ita hukumar gandun daji ta tarayya, wato Forest Service, tana lissafa keken batir cikin ababen hawa masu inji. Dajin da dokar kare daji ta 1964 ta keɓe kuwa ko keke mara inji ba ya shiga.

Muka fara da hanyar Slickrock, tunda masu babur ne suka zana ta a 1969, don haka babu hani. Tsawonta ya ɗan haura mil 10, amma mun tsaya a gajeren zagayen gwaji. Hanyar duk a kan dutse take, fararen ɗigon fenti kawai kake bi. Dutsen tsohon yashi ne da ya daskare, da kaushi kamar dutsen niƙa, taya na kama shi tsam. A wani hawa mai tsini na ga Yaya ya sauke giya, ya duƙa kan sitiyari, injin na ɗan kuka ƙasa-ƙasa, gumi na ɗiga daga ƙarƙashin hular kwano, har ya kai ƙoli bai sauke ƙafa ba. Ya juyo yana haki ya ce, "Ƙanina, ka ga dutsen La Sal can? Na ɗauka ni da ganinsa daga kan keke sai a mafarki."

Washegari muka tafi Dead Horse Point. Wannan wurin na jiha ne, kuma an bar keken rukuni na ɗaya a hanyoyinsa. Daga bakin tsaunin kana hango kogin Kolorado yana lanƙwasa a ƙasa, zurfin kusan mita 600. A nan muka haɗu da wata dattijuwa da ke aikin sa-kai na gyaran hanyoyi. Ta kira mu gefe ta nuna mana ƙasa: wani baƙin ɓawo mai ƙuraje-ƙuraje a kan yashi. Abu ne mai rai, ƙananan halittu ne da gansakuka suka saƙa shi, shi ke riƙe yashin kada iska da ruwa su kwashe. Sawun taya guda ya ratsa ta cikinsa, kuma irin wannan tabon yakan ɗauki gomman shekaru bai warke ba.

Ba ta son a buɗe sauran hanyoyin, ta kuma faɗi dalilanta. Mai keken batir yana hawa tudu da saurin da mai gangarowa bai saba da shi ba, idan suka yi kiciɓis a siririyar hanya ɗaya sai ya kauce cikin ɓawon. Sabon shiga yana iya nutsawa daji fiye da ƙarfinsa, batir ya mutu, ruwa ya ƙare. Jami'i ba ya iya bambanta keken da ke bin ƙa'ida da wanda aka cire wa takunkumin gudu ta kallo kawai. Sannan masu keke sun yi shekaru suna neman a bar su a hanyoyin nan da hujjar cewa ƙarfin ƙafa suke amfani da shi, tana tsoron inji ya rusa musu hujjar.

Na yarda da ita a kan ɓawon ƙasa da batun sa ido, amma ban yarda a yi wa kowa kuɗin goro ba. Filin na jama'a ne, har da tsofaffi da masu lalurar gwiwa ko zuciya, kuma na ga abin da keken Yaya ya yi: a kan hanya ya tsaya, kamar kowane keke. A ganina a bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Masu faɗi, waɗanda ake hango mai tahowa daga nesa, a buɗe su ga rukuni na ɗaya kaɗai. Siraran da suka ratsa cikin ɓawon ƙasa a bar su a rufe, wanda aka kama ya taɓa injin kekensa kuma a ci shi tara mai zafi.